Carafke da dara ga yaron da ba ya zama wuri ɗaya

Da wuya a sami malamin firamare a Samaru ko Sabon Gari da bai san irin yaron nan ba. Ana darasi yana leƙen taga, a tambayi wani shi ya amsa, fensirinsa kullum a ɓace. Sai a ce ƙiriniya ce ko kunnen ƙashi, a jawo bulala. Alhali wasunsu suna fama ne da larurar da likitoci ke kira ADHD, wadda ke shafar kusan yara 5 cikin 100 a duniya, kuma galibi gadonta ake yi. Yaron yana da basira; riƙe hankali da danne zumuɗi ne ke gagarar sa.

A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani wasan kwamfuta, EndeavorRx, domin irin yaran nan 'yan shekara 8 zuwa 12. Mu kuwa muna da namu a ƙofar gida. Dubi carafke: yarinya ta cilla dutse sama, ta kwashe na ƙasa, ta cafe na saman kafin ya faɗo. Ido ya kauce, ta faɗi nan take, kuma dole ta jira zagayowar layi. Wannan jiran, da hukuncin da ba ya jinkiri, su ne ainihin abin da ƙwaƙwalwar yaron ke bukatar maimaitawa. Dara ta fi zurfi: gidaje 30, 'ya'ya 12 ga kowa, ba a ci sai an jera uku, mai gaggawa kuwa shi ake cinyewa. Wanda zaman dara ya yi wa tsawo, a fara sakin sa ya yi langa ya haɗa gumi, domin motsa jiki yakan kawo natsuwa na ɗan lokaci.

Abin da ke damuna shi ne mun cinye lokacin wasan. Boko da safe, Islamiyya da yamma, sauran kuma waya.

Wasa dai ba ya warkar da larurar, taimako ne. Idan halin ya haura wata 6, ana ganin sa a gida da makaranta, har yana taɓa karatu, a kai yaron Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika likita ya duba shi.