Yaronki Yana Karatu, Ko Kuwa Yana Rera Baƙaƙe?

Uwargida, ran nan na shiga gidan wata maƙwabciyata, na tarar 'yarta ta aji huɗu tana karanta mata wasiƙa. Yarinya ta zuba karatu tiryan-tiryan, ba gargada. Da ta ƙare uwar ta ce, “To, yaushe kawunki ya ce zai iso?” Sai yarinya ta yi zuru. Ga ranar nan a rubuce, ta furta da bakinta, amma ba ta shiga kanta ba.

Irin wannan shi mutane ke kira karatun aku, ko da yake akun da ke cikin Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, ya san ma'anar kowace kalma da ya faɗa.

Ki lura da wani abu game da rubutun boko. Ba ya nuna inda a ke jan wasali, ba ya nuna hawa da saukar murya. Gari da a ke tankaɗewa da gari da a ke zama cikinsa duk rubutu ɗaya ne. Haka fari na tufa da fari na rashin ruwa. Watau yaron da bai bi zancen ba, ba yadda zai san wanne a ke nufi, sai ya cinta kawai.

Maganin yana ɗakinki, ko da ke ba ki yi nisa a makaranta ba. Bayan sallar isha'i ki sa shi ya karanta miki shafi guda, kada ya wuce haka. Sa'an nan ya rufe littafin, ya ba ki labarin da bakinsa kamar tatsuniya. Ki tambaye shi wa ya yi abin, don me ya yi, me kuma ya ke tsammani zai faru gobe. Tambayar “don me” ta fi sauran amfani nesa, gama ba a samun amsarta da hadda. In ya kuskure kada ki yi masa tsawa, ki ce ya koma ya nemo wurin ya nuna miki da yatsa.

Ku kuma 'yan makaranta mata, ƙannenku sun fi sakewa da ku bisa ga malam. Ki fara musu da Ka Koyi Karatu, in sun ƙware ki ɗauko Ruwan Bagaja, ki tsaya daidai inda labari ya yi daɗi, ki ce sai gobe.