Ƙwarya Ma Tana da Murya

'Yan'uwana mata, ran nan wata ɗalibata ta kawo mini wayar yayanta, da ganguna a ciki, a taɓa su yi kiɗi. Wai sun ƙi yi mata zaƙi. Na ce, ai duk murya ɗaya kika bar su.

Ku dubi kiɗan ruwa na gidan biki a nan Sabon Birni. A zuba ruwa a masaki, a kife ƙaramar ƙwarya a kai. In iska ta yi yawa a cikinta, sai murya ta yi kauri. In kin karkata ta iskar ta ragu, sai ta siranta. A jera biyu, uwa da 'ya, wannan ta kira, waccan ta amsa. Makaɗan kotso ma, irin su marigayi Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa, nake suke mannawa a tsakiyar fata don gyaran murya.

Abin da ke damuna, roba ta kori ƙwarya daga gidajenmu, roba kuwa ba ta da amo. Ke 'yar makaranta, hutun nan ki lallashi kakarki ta kifa miki ƙwarya, ki saurara, sa'an nan ki koma wa wayar.