Maburgi da cokali mai yatsu: Ƙananan kayan da ke riƙe da girkin Hausawan Kurmi

Duk ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Fatakwal, Anacha ko Inugu ya san cewa bayan masauki da masallaci, abu na uku da ɗan Arewa ke cigiya shi ne inda zai ci tuwo. Amsar kuwa ba ta wuce unguwannin Hausawa: wajejen Diobu a Fatakwal, kewayen masallacin titin Bida da bakin gada a Anacha, da Garki a Inugu. A waɗannan wurare ake tuƙa tuwon shinkafa, a kaɗa miyar kuka, a soya masa da ƙosai, kamar mutum yana Fagge ko Tudun Wadar Zariya. Wanda ya lura da hannun masu wannan sana'a zai ga kayan aiki biyu da ba a cika kula su ba, alhali kusan komai sai ya bi ta kansu: maburgin itace da babban cokali mai yatsu.

Zaman Hausawa a waɗannan birane ya daɗe. An gano kwal a yankin Udi a 1909, Turawan mulkin mallaka suka kafa Fatakwal a 1912 don fitar da shi ta teku, layin dogo ya haɗa ta da Inugu a 1916. Da aka sada layin da na Arewa a 1927, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai fataken shanu da mahauta da 'yan koli suka riƙa gangarowa. Har ta kai Malam Umaru Altine, Bafulatani daga ƙasar Sakkwato wanda fataucin shanu ya kai shi Kudu, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya watsa wannan zama, amma da ƙura ta lafa mutane suka koma. Kowane zuwa kuma, mata kan ƙullo muciya da mara da maburgi a cikin kayansu.

Maburgi dai sanda ce siririya mai 'yan yatsu a gindi, wadda ake murzawa a tsakanin tafukan hannu. Hikimarsa tana bayyana ne a tukunyar kuka. Garin kuka na haɗuwa da ruwan zafi sai bayansa ya yi yauƙi nan take, ya rufe busasshen garin da ke ciki, ya zama gudaji. Ludayi yana zagaya gudajin ne kawai. Maburgi kuwa, saboda yana juyawa dama da hagu da sauri, yana tsinka shi kafin ya kama jikinsa. Shi ya sa gwanaye ke rage wuta, su barbaɗa kukar kaɗan, su kaɗa, su sake barbaɗawa, maimakon su juye ta gaba ɗaya. Haka ake yi wa busasshiyar kuɓewa da karkashi, haka kuma ake fasa kindirmo kafin a dama fura.

Ba Hausawa kaɗai suka gano wannan dabara ba. Mutanen Sudan suna da irinsa da suke kira mufraka, suna kaɗa miyar lalo da shi. A Meziko akwai wanda ake murzawa a tafi don tayar da kumfar koko, a Indiya kuma da irinsa ake kaɗa nono a fitar da mai. Yarabawa sun zaɓi ɗan guntun tsintsiya don miyar ayoyo. A Amurka, kamfanin Foley na birnin Minneapolis ya yi suna a ƙarni na 20 da wani cokali mai faffaɗan yatsu da aka ɗan karkace, wanda matan gida suka riƙa haɗa fulawa da mai da shi, su kaɗa ƙwai, su farfasa dafaffen dankali. Irinsa ne ake tallatawa yau a intanet.

Mai shayin bakin tasha a Anacha bai jira wannan talla ba. Da cokali mai yatsu yake kaɗa ƙwai a cikin kofi, da shi yake juya taliyar Indomie a kasko, da shi yake haɗa madarar gari da ruwa don kada ta dunƙule. Inda cokalin ya fi nuna kansa shi ne aikin fulawa, wanda ya zama hanyar samun kuɗin cefane ga matan aure da yawa: cincin, gireba, dubulan, kek da fanke. A kwaɓin da ake so ya yi garɗi, ana fara haɗa fulawa da bota kafin a zuba ruwa, galibi bota rabin nauyin fulawa, wato giram 250 ga giram 500. Abin da ake nema shi ne botar ta farfashe ƙanana, ta lulluɓe garin ba tare da ta narke ba. To, zafin jikin ɗan Adam yana kusa da digiri 37, bota kuma ba ta kai wannan zafi take narkewa. A ɗakin girkin Fatakwal mai zufa, yatsun hannu kan mayar da ita ruwa cikin 'yan mintoci, sai abin da aka gasa ya fito da tauri da maiƙo. Yatsun ƙarfe ba su da wannan ɗumi. Ana danna botar da bayan cokalin, a yanka, a juya, har garin ya koma kamar tsakin masara.

Akwai dalili na biyu. A cikin fulawar alkama akwai sinadarin da ke yin danƙo idan ya sha ruwa aka yi ta murza shi. Burodi da gurasa suna son wannan danƙo, don haka ake luda su da hannu. Kek da gireba ba sa son sa. Na'urar kwaɓi mai aiki da lantarki tana iya wuce gona da iri cikin minti ɗaya, amma mai riƙe da cokali tana jin nauyin kwaɓin a wuyan hannunta, ta tsaya da zarar farin gari ya ɓace. Ƙosai kuwa akasin haka ne: ba a sa masa yis, iskar da aka buga a cikin ƙullin waken ita ce ke tayar da shi. Ana bugu har ƙullin ya yi fari ya yi sauƙi, sannan a ɗiga kaɗan a ruwa. Idan ya taso sama, ya isa suya.

Abin da ya sake ɗaga darajar waɗannan kaya shi ne tsadar rayuwa. An janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ya sa tayar da janareta don a kunna injin markaɗe ya zama asara. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta ƙara kuɗin wuta ga 'yan rukunin A zuwa Naira 225 kowane ma'auni, waɗanda ke ƙananan rukunai kuma wutar ba ta zama. Mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 bai bar wa ƙaramin ma'aikaci rarar sayen na'urori ba. Mai sayar da masa da ke tashi kafin asuba ba za ta jingina cinikin yininta da zuwan wuta ba, domin ƙullin da ya tashi ba ya jiran kowa: in an makara sai ya yi tsami, jarin ranar ya tafi.

Sai dai Kurmi tana da nata sharaɗi. Ruwan da ake yi a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, laima kuma ba ta barin iska. Maburgin da a Katsina zai bushe kafin a gama cin tuwo, a nan yana iya kwana da danshi, ya yi fumfuna a tsakanin yatsunsa. Ƙari ga haka, tun 2016 mazauna Fatakwal ke kuka da baƙin toka da ke sauka daga sama a kan duk abin da aka shanya a waje. Don haka ya kamata a wanke maburgi da zarar an gama, kafin yauƙi ya bushe a jikinsa, a ɗauraye da ruwan zafi, a rataye shi kusa da murhu a cikin ɗaki. Wanda ya tsage ko ya yi baƙi a yar da shi. A ware na miya daban da na nono, domin itace yana riƙe warin daddawa. Ɗanyen ƙwai kuma a bar wa cokalin ƙarfe, saboda itace yana tsotsar abin da ya taɓa, ɗanyen ƙwai kuwa yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke ɓata ciki. Garin kukar ma a adana shi a mazubi mai murfi, in ba haka ba tun kafin ya shiga tukunya zai dunƙule.

Wajen sayen cokali, a nemi na ƙarfen da ba ya tsatsa, mai kaurin da yatsunsa ba za su lanƙwashe a cikin kwaɓi ba, mai mariƙin da ya cika hannu. Kada a sa shi a tukunya mai shafen da ke hana abinci kamawa, don zai kankare ta. Nan wurin itace ne. Tuƙin tuwo kuwa har gobe na muciya ne, markaɗen wake da tattasai kuma na inji.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Ma'aikacin da takardar canjin wurin aiki ta iso masa, ko uwargidan da za ta bi shi, in suna lissafin abin da za a loda a mota, su sa maburgi biyu daga kasuwar Wuse ko ta Kurmi a Kano, da cokali mai yatsu guda mai ƙwari. Kuka da daddawa za a same su a Garki ko Diobu, amma da farashin abin da ya ƙetare Binuwai.