Waliyyai Biyu Na Masu Neman Mafita

Akwai wahalar da kan kai mutum inda dabara ta ƙare. Mutanen Jigawa sun san irinta: ambaliyar 2022 ta cinye gonaki da gidaje a Ringim da Kafin Hausa, gobarar tankar mai a Majiya cikin Oktoba 2024 kuwa ta hallaka mutum fiye da 150. A irin wannan sa'a, Kirista na ɗariƙar Katolika sukan nemi roƙon waliyyai biyu, wato Yahuza da Rita.

Yahuza, wanda ake kira Tadawas, ɗaya ne daga cikin manzanni 12 na Yesu. Ba shi ne Iskariyoti maci amana ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ana cewa saboda sunan ne mutane suka daɗe suna gudun ambatonsa, sai wanda ya rasa tudun dafawa ke zuwa gare shi. Haka ya zama waliyyin waɗanda suka fid da rai. A 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya karye, aka kafa masa wurin ziyara a birnin Chicago, ma'aikatan da suka rasa aiki suka yi ta tururuwa. Ikkilisiya tana tunawa da shi ran 28 ga Oktoba.

Rita kuwa 'yar Italiya ce, an haife ta a 1381. Aka kashe mijinta a rikicin gaba tsakanin dangi, 'ya'yanta maza biyu suka ɗaura aniyar ramuwa. Ta roƙi Allah kada hannunsu ya taɓa jini, ciwo kuwa ya ɗauke su kafin su aikata. Da ta nemi shiga gidan sistoci na Cascia aka hana ta, sai da ta sulhunta dangin mijinta da waɗanda suka kashe shi. Ta rasu ran 22 ga Mayu 1457, Paparoma Leo na 13 ya sa ta cikin waliyyai a 1900. Ƙungiyarta ta Agustin Mai Tsarki ba baƙuwa ba ce gare mu. Daga cikinta Bishop Patrick Sheehan ya fito, bishop na farko na dayosis ɗin Kano da aka kafa a 1999, wanda Jigawa ke ƙarƙashinsa. Haka ma magajinsa, Bishop John Niyiring.

Maƙwabta sukan tambaya: ashe ba bautar matattu ke nan ba? Sam. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, matsakanci kuma ɗaya ne, Yesu Almasihu. Yadda kake cewa ɗan'uwa ya sa ka a addu'a, haka muke roƙon waɗanda suka riga mu zuwa gaban Ubangiji. Waliyyi ba ya ba da kome daga aljihunsa.

Amma a yi hattara. Wasu sukan bar takardu a kan bencin majami'a, wai a kwafa sau tara, buƙata ba za ta faɗi ƙasa ba. Wannan camfi ne, Ikkilisiya ba ta koyar da shi ba. Addu'ar kwana tara ba laya ba ce, Allah kuma ba a yi masa ciniki. Mai ciwo ya yi addu'a, ya kuma je asibiti. Wanda ruwa ya ci gonarsa ya yi addu'a, 'yan'uwa kuma su kai masa mudun gero.

Mu na Dutse, da muka ga an ƙone majami'u a Satumba 2006, mun san nauyin abin da Rita ta ɗauka. Ba a mayar mata da miji ko 'ya'ya ba, amma jinin da ake zubarwa ya tsaya a kanta. Wanda ke neman roƙonta, bari ya fara da yafe wa wanda ya cuce shi. Ubangiji ya ba mu wannan alheri, amin.