Abin da masu juya katako na Amurka suka sani game da tsagewar akushi

Duk wanda ya taɓa ɗaukar kayan katako daga Kumasi zuwa Tamale, Wagadugu ko Yamai cikin hunturu ya san wannan ciwon. Ka sari turame, akusa da ƙafafun gado sumul ba tabo, kafin su yi mako biyu a rumfa sai ka ga sun fara buɗe baki. Mai saye ya ɗaga, ya juya, ya ce sai dai a rage masa rabi. Da yawanmu kan ɗora laifin a kan direba ko yaran lodi. Galibi fa ba su ba ne. Ruwan da ke cikin itacen ne, kuma inda na ga an bi wannan magana dalla-dalla shi ne wurin mutanen da ba abinci suke nema da katako ba.

Bara na kai wa ƙanena ziyara a Kolombos, jihar Ohayo ta Amurka. Maƙwabcinsa wani dattijo ne, malamin makaranta mai ritaya, da injin juya katako a garejinsa, irin wanda ake fitar da ƙafar tebur da shi a Sokoban: a ɗaure itace, wutar lantarki ta juya shi, mai aiki ya kara masa cizal. "Yaya, tunda harkarka ce, bari in haɗa ka da tsohon nan," in ji ƙanena. Shi ne ya tafi da mu taron ƙungiyarsu.

Irin waɗannan ƙungiyoyi suna da yawa a can. Uwarsu, American Association of Woodturners, an kafa ta a 1986, hedikwatarta na birnin Saint Paul a jihar Minesota, tana da rassa fiye da 300. Reshen da na je sau ɗaya suke haɗuwa a wata. Akwai tsofaffi, akwai mata, har da samari biyu 'yan sakandare. Kowa ya zo da abin da ya yi a gida ya ɗora kan wani dogon tebur, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a yaba, a kuma faɗi aibu gaban mai shi, ba fushi. Sai mutum ɗaya ya hau inji ya nuna wata dabara, ga kyamara a samansa tana haska hannunsa a talabijin. Wannan ya ba ni mamaki, don mu nan oga kan juya wa yaronsa baya in ya zo kan sirrin aiki.

Yawancin abin da suke yi kyauta suke bayarwa. Na ga alƙaluma, na ga katantanwar katako ta wasan yara, na ga sandunan rataye gashin kanti na matan da maganin kansa ya zubar wa gashi. Wanda ya fi taɓa ni shi ne kwanoni masu murfi na wani shiri da ake kira Beads of Courage: yaron da ke doguwar jinya ana ba shi ɗan dutsen ado duk lokacin da ya jure allura ko tiyata, a cikin kwanon yake tara su.

To, mu dawo kan tsagewa. Dabarar da aka nuna ranar ita ce juyi biyu. Sukan ɗauki ɗanyen itace, mafi yawa wanda iska ta kayar a unguwa, su fafe kwano amma su bar shi da kauri: kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Wato kwano mai faɗin inci 10 a bar bangonsa inci 1. Sai a shafe shi da kaki, a rubuta kwanan wata da nauyinsa a gindi, a sa a jakar takarda a ajiye a inuwa, wata shida ko ma shekara. In ya bushe zai karkace ya koma kamar ƙwai. Sannan a mayar da shi kan inji a yi masa juyi na biyu, ya fito daidai, ya kuma zauna haka.

Dalilin kuwa, itace ba ya motsewa daidai ta kowane gefe. Ta tsawo kusan ba ya raguwa. Ta zagayen zoben nan da ake gani a kututture, raguwarsa ta kusa ninka wadda yake yi daga cibiya zuwa ɓawo. Wannan ja-in-ja ita ke yaga shi, kuma daga cibiya take farawa. Shi ya sa kafin komai sukan tsaga gungumen gida biyu su cire cibiyar su yar. Ƙari a kan haka, ruwa ya fi saurin fita ta bakin yanka, sai baki ya bushe ciki na jiƙe.

Da na nuna wa dattijon hoton turmi a wayata, ya daɗe yana kallo. Ai turmi gungume ne sukutum, da cibiyarsa a tsakiya, ba yadda za a cire ta. Abin da ya rage kawai shi ne itace mai tauri da bushewa a hankali. Masassaƙanmu na arewa da ke neman kirya don turmi da taɓarya sun san abin da suke yi, ko da ba su taɓa auna komai da sikeli ba.

Ga abin da ya shafi aljihunmu. Bushewar Kumasi daban, ta Yamai daban. Katakon da ya daina rage nauyi a laimar kurmi, da ya sha iskar hunturu zai sake zubar da ruwa, kuma da sauri. Don haka in za ka sara, juya akushin ka duba gindinsa; in ka ga ɗigon cibiya da zobe kewaye da shi, ka san da wuya ya kai labari. Ɗauki ɗaya ka ɗora a sikeli, rubuta, ka sake aunawa bayan mako. Muddin nauyi na sauka, kayan ɗanye ne, komai rantsuwar mai sayarwa. Bakin turmi da gindinsa a shafa musu narkakken kyandir, kakin zuma ko farin gam na kafinta. In kaya sun isa arewa kada a baje su a rana don jawo masu saye. A fitar da ɗaya na talla, sauran a rufe su a ɗaki su saba da iskar tukuna.

Magana ta ƙarshe ga iyayen da suka kai yara koyon wannan aiki. A ƙungiyar nan ba mai kunna inji sai da garkuwar roba da ta rufe fuska duka, tabarau kaɗai bai isa ba. Ba a tsayawa da riga mai faɗin hannu, ko zobe, ko gyale mai lilo; ni ma sai da na ajiye babbar rigata kafin su bar ni in matso. Suna da lissafin gudu: faɗin itace da inci, a ninka da yawan juyin inji a minti, kada ya wuce 9,000. Kwano mai inci 12 ke nan ba zai haura juyi 750 ba, kuma da ƙaramin gudu ake farawa, mutum na tsaye a gefe. Sai ƙura. Ta odum, wanda 'yan Najeriya ke ce wa iroko, an san tana jawo asma da ƙaiƙayin fata, ga shi kuwa itacen da yaranmu ke gogewa da samfefa ke nan daga safe har la'asar, da yawansu ko ƙyalle babu a hanci.