Muryar da Ta Ƙi Dawowa

A ce wani dattijo ne a Misau, ya haura shekara 60, ya daɗe yana shan taba. Muryarsa ta dishe da hunturu, aka ce ƙura ce. Ya sha citta da kanumfari, ya lashi zuma, har aka fara zancen kiran wanzami ya duba beli. Bazara ta shigo, murya shiru. Ga zafi wajen haɗiyar tuwo, yana harbawa har kunne.

Tarin fuka aka fara zargi, domin yakan ci maƙogwaro. Gwajin kaki da hoton ƙirji suka wanke shi. Da aka tura shi Azare, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zura siririyar kyamara ta hanci, sai ga ƙari a saman tantanin da ke fitar da murya, sumul, ba gyambo. Nan kai ya ɗaure, domin sankarar da taba ta saba jawowa takan fito da kaushi ko miki.

Aka gutsuro ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Rini biyu, kromogranin da sinaptofisin, suka kama shi, alamar ƙwayoyinsa daga jinsin masu fitar da sinadaran jiki suke. Sai kuma sinadarin kalsitonin ya bayyana, wanda ya karkata zargi ga halittar wuya da kan kumbura ta zama maƙoƙo. Hoto ya nuna lafiyarta lau.

Suna ɗaya ya rage: kasinoyid. Likitan Jamus Siegfried Oberndorfer ne ya raɗa shi a 1907, kan ƙarin da ya gani a ƙaramin hanji. Sai a 1969 aka fara ba da rahotonsa a maƙogwaro, kuma shi da danginsa ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙarin da ke fitowa a wurin ba.

Iri biyu ne, mai sanyi da mai zafi. Yawan ƙwayoyin ƙarin da ke rarrabuwa, tare da kaluluwar da ke wuyan dattijon, suka nuna nasa mai zafi ne. Maganinsa tiyata: a cire ƙarin tare da kaluluwar, domin gashin na'ura da alluran sankara ba su cika cin sa ba. Bayan nan sai bibiya ta shekaru, tunda yakan sake ɓullowa a fata, kurji mai tsananin zafi.

Mai karatu, duk muryar da ta dishe wata guda ba ta dawo ba, a kai mai ita asibiti a leƙa maƙogwaronsa.