Hanta Ba Ta Kuka, Mu Kula Da Ita

 Kaka ta yi. Kafin mu kai gyaɗa da masara rumbu, bari mu yi magana a kan hanta, gama abin da muka adana shi za ta tace.

Aikin hanta shi ne ta cire guba daga jini, ta kuma ajiye ƙarfin abinci. A cikin ƙwayoyinta akwai waɗansu 'yan mitsi-mitsin abubuwa da ido ba ya gani, ana ce da su maikro-RNA. Aikinsu kamar na mai ban-ruwa ne a fadama, wanda yakan toshe hanya in fangali ya cika. Su ne ke ce wa ƙwaya, "Ya isa haka." Victor Ambros da Gary Ruvkun na Amurka, waɗanda suka gano su, sun sami kyautar Nobel a 2024.

Wanda ya fi yawa a hanta shi ne miR-122. Yana daidaita kitse, yana kuma hana ƙwayoyi hayayyafa barkatai. A 2012 masana suka nuna cewa ɓerayen da aka raba da shi hantarsu takan cika da kitse, daga baya sankara ta kama ta. A mutum ma, yakan ragu a hantar da sankara ta kama.

Me ke jawo wannan sankara a ƙasarmu? Manyan abubuwa biyu ne: ciwon hanta nau'in B, da dafin fumfuna, wato afalatoksin. A 1960 wannan dafi ya kashe talo-talo wajen 100,000 a Ingila, ta ƙuli-ƙulin gyaɗar da aka sa musu cikin abinci. Dafuwa ba ta kashe shi. In biyun suka haɗu a jiki ɗaya, haɗarin yakan ninka.

Saboda haka:

1. Mu shanya amfani a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, ya bushe sarai.
2. Mu tsince ruɓaɓɓiyar gyaɗa mu binne. Kada a ba yara ko kaji.
3. A kai jariri rigakafin ciwon hanta ranar haihuwa. Tun 2004 yana cikin alluran yara a Nijeriya.
4. Manya mu je asibiti a gwada jininmu, mu kuma rabu da burkutu.

Hanta takan daɗe tana lalacewa mutum bai sani ba. Jikinmu amana ce daga Allah. Mu tattauna wannan a taron ƙungiya mai zuwa.